Ku Tambayi Likita: Maganaɗisu da Hadiman Ƙwaƙwalwa

Cikin wasiƙun da suka iso wa wannan fili a 'yan makwannin nan, uku sun haɗu a kan magana ɗaya, wato hanyar nan ta magani da ake ɗora wa mutum na'urar maganaɗisu a kan ƙoƙon kai domin a zaburar da ƙwaƙwalwarsa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da TMS. Na bar musu shafin wannan fitowa gaba ɗaya, kuma na fara da wadda ta fi buƙatar dogon bayani.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya, ina zaune tare da iyayena a Idi-Araba. Yayata ta shekara uku tana fama da ciwon damuwa mai tsanani, an sauya mata magani har sau uku, amma sauƙin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Kwanan nan likitanta ya kawo mana maganar TMS, ya ce na'ura ce da ke aika maganaɗisu cikin ƙwaƙwalwa domin ya tayar da ƙwayoyin jijiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a aji an koya mana cewa ƙwayoyin jijiya ba su kaɗai ne a cikin ƙwaƙwalwa ba, akwai waɗansu da ake kira giliya masu yi musu hidima. Tun da maganaɗisu ba ya zaɓen inda zai ratsa, me yake yi wa waɗannan? Yana cutar da su ne, ko kuwa ba ruwansa da su? Babanmu ya ce ba zai amince ba sai ya ji bayani. Daga ɗalibar jinya, Idi-Araba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba yayarki lafiya. Ki gaishe mini da Baba, ki ce masa tsayawar da ya yi sai ya ji bayani daidai ne, ko da yake a ƙa'idar asibiti sa hannun da za a nema na yayarki ne da kanta, tun da baliga ce, kuma ciwon damuwa bai raba ta da wannan hakki ba. A irin ƙarfin da ake amfani da shi a asibiti, binciken da aka yi bai nuna cewa maganaɗisun yana lalata giliya ba. Amma a ce ba ruwansa da su, wannan kuma kuskure ne, domin hujjoji suna ta taruwa cewa wani kaso na aikin maganin ta hannunsu yake bi.

Mu fara da na'urar kanta. Duk wanda ya taɓa kai janareta wurin mai naɗin kwayil ya riga ya ga tushen abin da idonsa. Tun a 1831 Michael Faraday ya nuna a Landan cewa maganaɗisun da ƙarfinsa ke sauyawa yana haifar da lantarki a cikin duk abin da ke kusa da shi wanda lantarki ke iya bi, kuma ƙwaƙwalwa, da yake jiƙe take da ruwa mai gishiri, tana cikin irin waɗannan abubuwa. Kan na'urar waya ce ta jan ƙarfe da aka naɗe zobe biyu kamar lamba 8. Ana sako mata wuta mai ƙarfin gaske na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan ba, sai ta haifar da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 zuwa 2 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), wanda ke ratsa fata da ƙashi kamar babu su, ya tayar da 'yar wuta a ɓawon ƙwaƙwalwa a zurfin santimita 2 zuwa 3. Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna haka a jikin mutum a birnin Shefild na Ingila a 1985, kuma a 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi ga masu ciwon damuwar da magani bai yi wa aiki ba.

Na taɓa tsayawa a ɗakin da ake yin sa, a zaman farko na wani majinyaci. Yana zaune a kujera irin ta likitan haƙori, idonsa biyu, an toshe masa kunnuwa, hannunsa na dama a sake bisa cinyarsa. Mai kula da na'urar yana ta matsar da kanta sannu-sannu a gefen hagu na kansa, kowane bugu ka ji ƙas kamar an karya busasshen kara, har aka dace da wurin, sai ga babban yatsan mutumin ya zabura shi kaɗai, mai shi yana kallon sa yana dariya. Da wannan zabura ake auna ƙarfin da ya dace da kowa, sannan a matsa gaba zuwa sashen da ke saman goshi ta hagu. A tsarin da aka fara amincewa da shi ana yin bugu 10 a sakan har sakan 4, a huta sakan 26, a sake, har a cika bugu 3,000 cikin kusan minti 37, kwana biyar a mako, mako huɗu zuwa shida.

Ga inda tambayarki ta shigo. Bugu ɗaya bai kai ƙiftawar ido ba, kuma canjin da zama ɗaya ke kawowa yakan dushe cikin sa'a guda ko ƙasa da haka, alhali sauƙin ciwon damuwa ba ya bayyana sai an yi makwanni ana zuwa, idan kuma ya samu yakan ɗauki watanni bayan an daina. To, wa ke tara wannan ɗan canji na kullum har ya zama gini? Amsar da aka daɗe ana bayarwa ita ce mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya ne ke ƙara ƙarfi ko su yi rauni, kuma haka ne. Abin da aka gano daga baya shi ne mahaɗar ba ta iya sauya kanta ita kaɗai.

Giliya kalma ce ta Girkanci mai ma'anar manne, kuma Rudolf Virchow, likitan Jamus, shi ya laƙaba musu ita a shekarun 1850 bisa zaton cewa aikinsu bai wuce riƙe ƙwayoyin jijiya wuri ɗaya ba, yadda laka ke riƙe tubali. Sunan nan ya cuce su fiye da shekara ɗari. Idan littafin da kuke karantawa ya ce sun ninka ƙwayoyin jijiya sau goma, tsohon zance ne: ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a Birazil, wadda aka buga a 2009, ta sami ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 a ƙwaƙwalwar mutum, waɗanda ba na jijiya ba kuma, galibinsu giliya, kimanin biliyan 85. Kusan kunnen doki ke nan.

Wanda ya je kasuwar Mile 12 ta Legas da asuba, lokacin da manyan motoci ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga Arewa, muryar dillalai da masu saye zai ji, domin su ke ciniki; amma ranar da 'yan dako da masu shara da masu kawo ruwa suka ƙi fitowa, kafin hantsi kasuwar ta tsaya. Ƙwayoyin jijiya su ne masu cinikin, su ke harba saƙon lantarki ta dogayen wayoyinsu, giliya kuwa ba sa harbawa. Wutar da maganaɗisu ke tayarwa waɗannan dogayen wayoyi ta fi kamawa, musamman inda suka lanƙwasa, saboda haka jijiya ce ke fara jin bugun, hadiman kuma galibi daga bakinta suke samun labari. Sai dai idan aka sa ɗimbin ƙwayoyin jijiya suka harba tare, aka maimaita sau 3,000 a zama ɗaya, tamkar an sauke mota talatin ne a layin da ya saba karɓar uku, kuma dole aikin ɗan dako da mai shara ya sauya.

Waɗanda wannan lodi ke fara faɗa wa su ne astirosait, masu siffar tauraro, waɗanda wasu rassansu ke lulluɓe da mahaɗan jijiya, wasu kuma suna dafe da ƙananan hanyoyin jini. Duk lokacin da ƙwayar jijiya ta harba tana zubar da sinadarin gulutamet a mahaɗa, tana kuma fitar da fotasiyam. Idan aka bari suka taru, gulutamet yakan zama guba ga jijiyar, fotasiyam kuma ya sa ta harbi ba ƙaƙƙautawa, wanda hanya ce ta farfaɗiya. Astirosait ne ke kwashe mafi yawan gulutamet ɗin, su tsotse fotasiyam su rarraba shi a tsakaninsu, su kuma taimaka wajen buɗe hanyoyin jini domin a ƙaro sukari da iskar oksijin inda aiki ya yi yawa. Yarensu shi ne hawa da saukar kalsiyam a cikinsu. A 1997 Fujiki da Steward a Amurka suka ba ɓeraye bugu mai saurin gaske, suka ga alamar farkawar astirosait da ake kira GFAP ta ɗaga. A 2017 kuma masu bincike a birnin Perth na Ostireliya suka raini astirosait a farantin ɗakin gwaji ba tare da ƙwayoyin jijiya ba, suka ba su bugu mai rauni sau ɗaya a sakan, sai kalsiyam ɗinsu ya hau, wato akwai ɗan abin da suke ji da kansu ba sai an faɗa musu ba. Game da cutarwa kuwa, a wani bincike na Jamus da aka buga a 2003 an ba ɓeraye bugu 1,000 a kullum har kwana biyar, sannan aka duba ƙwaƙwalwarsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba a ga alamar rauni ko tayar da hankalin giliya ba.

Binciken da, a ganina, ya fi kowanne amsa tambayarki kai tsaye a kan maikurogiliya aka yi shi. Waɗannan su ne dakarun garkuwar jiki da ke zaune dindindin a cikin ƙwaƙwalwa, kuma Pío del Río Hortega ɗan Sifaniya ne ya bayyana su a 1919. An daɗe ana ɗauka barci suke yi sai cuta ta zo, har sai da aka ɗauki hotonsu mai motsi a ƙwaƙwalwar ɓera mai rai a 2005, aka ga rassansu ba sa hutawa, kullum suna miƙewa suna lalube suna janyewa. Suna cinye matattun ƙwayoyi, suna kuma datse mahaɗan da ba a amfani da su. Ƙungiyar Andreas Vlachos, wadda ke Jami'ar Freiburg ta Jamus, ta riga ta nuna tun 2012 cewa bugu 10 a sakan yana ƙarfafa mahaɗan jijiya a yankan ƙwaƙwalwar ɓera da aka raina a faranti. A aikin da suka buga a 2023 sai suka sa magani suka kawar da maikurogiliya daga yankan, suka sake ba da bugun yadda suka saba, sai ƙarfafawar ta ƙi samuwa. Da suka zuba sinadarai biyu da maikurogiliya ke fitarwa, TNF da IL-6, sai ta dawo, alhali masu fitar da su ba sa nan. A ɓeraye masu rai ma, kawar da maikurogiliya ya shafe tasirin bugun a sashen gaban ƙwaƙwalwa. Ki lura, waɗannan sinadarai biyu su ne muka saba koya wa ɗalibai irinki a matsayin 'yan aiken kumburi. Ashe kaɗan daga cikinsu, a lokacin da ya dace, kayan aikin koyo ne a wurin jijiya, kamar gishiri a miya.

Saura iri na uku, oligodendirosait, kuma tun da harshe na sarƙewa wajen faɗin sunan bari mu kira su manaɗa. Aikinsu naɗe wayoyin jijiya da wani farin kitse mai suna mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Siririyar wayar da ba ta da wannan rufi saƙo yana tafiya a cikinta kamar mita 1 a sakan, kakkaura mai rufi kuwa takan wuce mita 100. Ƙwaƙwalwar baligi tana ajiye da 'ya'yan manaɗa waɗanda ba su balaga ba har tsufa, kuma a 2014 ɗakin binciken Michelle Monje a Jami'ar Stanford ya nuna cewa idan aka sa wata hanyar jijiya aiki, rufinta yana ƙaruwa. Carlie Cullen da Kaylene Young na Jami'ar Tasmaniya suka gwada wannan da maganaɗisu. Akwai wani salon bugu da aka ƙirƙiro a Landan a 2005, bugu uku-uku a jere da sauri, a yi sakan 2 a huta sakan 8, a gama 600 cikin kusan minti uku. A rahotonsu na 2019, ɓerayen da aka ba wannan salo mai hutu, da ƙarfi ƙasa sosai da na asibiti, sun sami ƙarin sababbin manaɗa a ɓawon ƙwaƙwalwa, alhali salon da ba shi da hutu da na bugu 10 a sakan ba su kawo haka ba. Yawan haihuwarsu bai sauya ba, mutuwa ce ta ragu, domin da ma da yawa daga cikin sababbin manaɗa kan mutu kafin su kama aiki. Saboda wannan sakamako ne aka fara gwada hanyar a Ostireliya ga masu cutar MS, wadda a cikinta garkuwar jiki ke cinye mayelin. Ashe giliya ma suna bambance kiɗa, kamar mai jin kalangu wanda salon dukan ne ke gaya masa abin da ake cewa.

Me ya haɗa wannan da ciwon yayarki? A 1998 da 1999 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka duba ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi fama da ciwon damuwa mai tsanani, suka tarar giliya sun ragu a sassan gaban ƙwaƙwalwa, ciki har da yankin da ake ɗora na'urar a kansa a yau. A 2008 kuma aka nuna a Jami'ar Yale cewa kashe astirosait a gaban ƙwaƙwalwar ɓera ya isa ya sa shi daina marmarin ruwan sukari, alamar da ake kwatanta ta da fitar daɗin rayuwa daga ran mai damuwa. Sai dai kada zumuɗi ya kwashe mu. Kusan duk abin da na lissafa game da maganaɗisu da giliya a ɓera da faranti aka gan shi. Ƙwaƙwalwar ƙaramin ɓeran gwaji ba ta kai giram ɗaya ba, tamu kuwa ta kusa kilo ɗaya da rabi. Kan na'urar da ke taɓa ɗan yanki a wurinmu yana mamaye kan ɓera gaba ɗaya. Astirosait ɗin mutum sun ninka nasa faɗi fiye da sau biyu. Kuma mai rai ba a yanka ƙwaƙwalwarsa a ƙirga. Duk wanda ya ce miki na'urarsa tana gyara giliya a jikin mutum ya riga malam masallaci.

Abin da aka auna a jikin mutane shi ne sakamako. A wani babban gwaji na Kanada da aka buga a 2018, wanda ya haɗa mutum fiye da 400 da magani bai yi wa aiki ba, kusan rabinsu sun sami sauƙi mai yawa, kimanin kashi 30 cikin 100 kuma ciwon ya lafa musu, kuma salon minti uku bai gaza na minti 37 ba. Illar da aka fi gani ita ce ciwon kai da zafin fatar kai a kwanakin farko. Farfaɗiya tana iya aukuwa amma da wuya ƙwarai, ƙasa da mutum ɗaya cikin 1,000, saboda haka a gaya wa likita idan ta taɓa yin ta, ko tana da wani ƙarfe ko na'ura a cikin kai ko kunne, a kuma lissafa masa duk magungunan da take sha. Kada ta daina ko ɗaya da kanta. Zuwa asibiti kullum har mako shida cikin cunkoson Legas shi kansa aiki ne ga wanda tashi daga shimfiɗa ma ke yi wa nauyi, don haka ku tsara tun yanzu wanda zai riƙa raka ta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, Likita. Ni mai sayar da albasa ne a Mile 12. Maigidana da ya riƙe ni tun ina yaro ya gamu da shanyewar ɓarin jiki wata biyar da suka wuce, hannunsa na dama har yanzu ba ya ɗaguwa sosai. Babban ɗansa ya karanta a intanet cewa wannan maganaɗisu yana kwantar da kumburin ƙwaƙwalwa, yana kuma goge tabon da ciwon ya bari, har ana shawarar a sayar da rumfa ɗaya a fitar da Alhaji waje. Me ka gani? Daga mai albasa, Mile 12.

Amsa: Allah Ya ba Alhaji lafiya, kai kuma Ya biya ka riƙon amana. Abin da yaron ya karanta yana da tushe, amma an ja shi ya wuce inda ya tsaya. Idan hanyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin da ke tsakiyar wurin suna mutuwa, maikurogiliya su rugo cikin sa'o'i su fara kwashe gawarwaki, wani lokaci kuma su wuce gona da iri su ƙona na gefe masu sauran rai. Cikin kwanaki da makwanni astirosait su yi kauri su kewaye wurin, wannan kewaye shi ake kira tabo. Gwaje-gwaje da dama a kan ɓerayen da aka toshe wa hanyar jini, da yawansu a ƙasar Sin, sun nuna bugun maganaɗisu yana karkatar da waɗannan giliya daga halin ƙonawa zuwa halin gyara. Amma galibi cikin kwanakin farko ake fara ba su, kuma matasan ɓeraye ne da ba su san hawan jini ko ciwon suga ba.

Shi tabon ma bai cancanci duk zagin da ake yi masa ba. Ɗakin binciken Michael Sofroniew a Los Anjelis ya nuna a ɓeraye cewa idan aka hana astirosait yin wannan kewaye, kumburin yana bazuwa, ɓarnar ta ƙaru. Katanga ce da aka zagaye ruftacciyar rijiya da ita, kuma bayan wata biyar ta riga ta zauna, babu na'urar da ke goge ta.

Abin da ake gwadawa a jikin mutane wani abu ne daban. Ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa suna taka wa juna birki, kuma bayan ciwon lafiyayyen ɓangaren yakan danne mai rauni, shi ya sa ake ba lafiyayyen bugu ɗaya a sakan domin ya sassauta, sannan a shiga gashin ƙashi, wato horon motsa hannu. Ƙananan gwaje-gwaje sun ba da fata. Sai dai wani babban gwaji na Amurka da aka buga a 2018, mai mutum kusan 200 da suka yi wata 3 zuwa 12 da ciwon, wato daidai matakin da Alhaji yake, ya tarar waɗanda aka yi wa na gaske da waɗanda aka ɗora wa na'urar bogi sun sami sauƙi iri ɗaya, kusan biyu cikin uku a kowane ɓangare. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu an yi musu horon hannu mai tsanani har mako shida.

Shawarata kada a sayar da rumfa. A kashe abin da ake da shi wurin ƙwararrun likitocin gashin ƙashi a nan Legas, a riƙe maganin hawan jini ba fashi, a kuma sa hannun aiki kullum a gida: ya ja carbi da shi, ya ɗauki kofi, ya ɓalle maɓallin rigarsa, ko ka kai masa ƙaramin kwando ya riƙa ware maka manyan albasa da ƙanana. A 2014 an nuna a Landan cewa ɓeran da aka hana ƙwaƙwalwarsa samar da sababbin manaɗa yana kasa ƙwarewa a sabon salon gudu, wato maimaita motsi shi kansa yana sa giliya aiki.

Tambaya: Likita, barka da aiki. A cikin motar da na shiga daga Oshodi zuwa Agege wani mai talla ya sayar mini da hula da awarwaro masu maganaɗisu, ya ce aikinsu ɗaya da na'urar asibiti. Wani abokina kuma ya ce ai duk shokin ne irin wanda ake yi wa masu taɓin hankali. Wanne ne mai gaskiya? Daga mahauci, Oko-Oba.

Amsa: Sannu da aiki, ɗan'uwa. Babu mai gaskiya a cikinsu. Maganaɗisun da ke jikin hularka tsayayye ne, kuma ko shekara ka ajiye irinsa kusa da waya ƙwan fitila ba zai kama ba, domin sauyawar ƙarfi cikin gaggawa ce ke haifar da lantarki. Ga shi kuma mai rauni ne, ƙarfinsa yana zubewa da ɗan nisa kaɗan, alhali tsakanin hula da ƙwaƙwalwa akwai fata da ƙashi fiye da santimita ɗaya. An ma gwada irin awarwaron a Jami'ar York ta Ingila ga masu amosanin gaɓoɓi, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna bai fi wanda aka cire wa maganaɗisu ba.

Shokin da abokinka ke nufi tsohuwar hanya ce da Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a birnin Rum a 1938. A nan lantarkin kansa ake aikawa ta fatar kai, a yau bayan an yi wa majinyaci allurar barci, kuma da gangan ake tayar da gajeriyar farfaɗiya. Magani ne na gaske wanda ya fi TMS ƙarfi a damuwar da ta kai matuƙa, ko da yake yakan kawo mantuwa. A TMS mutum idonsa biyu, ba a neman farfaɗiya, yana gamawa ya miƙe ya tafi harkarsa. Inda suka yi kama shi ne a ɓera dukkansu suna farkar da astirosait, kuma binciken 1997 da na ambata a sama da shokin ya kwatanta sakamakonsa.

Tun da ka riga ka saya, sanya su ba zai cutar da kai ba, amma ka cire su kafin a shigar da kai na'urar ɗaukar hoto ta MRI, kada kuma ka ara wa wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, domin maganaɗisu kusa da ita yana iya sauya yadda take aiki.